Na Je Auna Numfashin Ciyawa, Na Tarar An Yi Mata Gayya

Alhamis: Kano zuwa Kwanar Dangora

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, jaka a baya, akwati a ka. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ƙarshen damina, ina ajin ƙarshe a jami'a. Akwatin nan ba na zuba kaya ba ne. Na roba ne mai haske garau kamar gilashi, tsayinsa ya kai ƙuguna, ƙasansa kuma a buɗe yake.

Bari in faɗa muku aikinsa tun yanzu. Ciyawar fadama tana zuƙar iskar kabon da rana, taɓon da ke ƙarƙashinta kuma yana fitar da ita. Malamin da ke duba aikina, wanda kowa ke kira Dakta, yana so ya san wa ke rinjaye. Sai ka kifa akwatin a kan ciyawa, bakinsa ya nutse a ruwa, duk minti goma ka zuƙo iskar ciki da sirinji ka ɗura a 'yar kwalba mai murfin roba. In ka gama, ka rufa masa baƙin ƙyalle ka sake. Kwalba ashirin da huɗu ya ba ni, ya ce ranar Litinin ƙarfe takwas yake son ganinsu, domin ranar kaɗai za a kunna injin auna su kafin a rufe karɓar aiki.

"In ka dawo hannu rabbana, Sabi'u, sai baɗi," in ji shi.

Ni kuwa na riga na maimaita shekara ɗaya, kuma mahaifina ya faɗa mini a gaban kowa cewa in na ƙara, rumfar yadinsa ta kasuwa tana jirana.

Wata biyu kafin nan Dakta ya je da kansa wani ƙauye, Yalwan Kwari, can bayan Tudun Wada, inda akwai 'yar madatsar ruwa da fadama a ƙasanta. Ya kafa turaku huɗu masu jan fenti a inda ciyawa ta fi kyau. Sati guda kafin tafiyata kuma ya aika musu wasiƙa ta hannun wani direba: ɗalibina yana tafe zai yi aiki a wurin turakun nan, a taimaka masa.

Shida saura minti goma ina tashar Unguwa Uku. Ɗan kamasho ya zagaya akwatin sau biyu.

"Samari, fanke za ka je sayarwa a Zariya?"

Na ce aikin makaranta ne. Ya ce a ɗaure shi a saman mota. Na ce igiya za ta tsaga shi. Ya ce to fasinja ne, ya biya kujera. Naira arba'in ni, naira arba'in shi. Muna zama wata tsohuwa 'yar Badafi ta shigo da kaji biyu a hammata. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Ɗan nan, an biya wurin nan?"

"An biya, Iya."

"To, alhamdu lillahi."

Ta ɗaga akwatin ta tura kajinta ciki ta mayar. Na ƙyale ta, domin ta haifi mai kamata.

Mota ta cika bakwai da minti goma. Bayan Kura akwai shinge. Wani soja ya leƙo, ya ga kaji biyu a kan kujera cikin gilashi, mu mutane kuma huɗu-huɗu a matse kamar kifin gwangwani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi direba a hankali, "Kajin wane babban mutum ne?" Direba ya ce shi ma ba a faɗa masa ba. Aka ɗaga mana katako ba tare da an ƙara magana ba.

Mun wuce mararrabar Bebeji, tara saura biyar muka sauka Kwanar Dangora, kilomita saba'in da 'yan kai. Iya ta kwashe kajinta ta nufi motar Kiru, ta bar mini gwaiba uku da kashin kaji. Na sayi ruwa na wanke akwatin a gaban mai shayi, na sha shayi da burodi na naira goma sha biyar.

Kwanar Dangora zuwa Yalwan Kwari

Motar Tudun Wada a-kori-kura ce, ta ɗauko buhunan gishiri da mutum wajen ashirin a baya. Goma da minti ashirin muka tashi. Babu wurin ajiye akwati, sai na kifa shi a kaina na zauna a ciki. Can kan hanya aka soma yayyafi. Kowa ya jiƙe sai ni, wani dattijo har yana cewa ilimi ya yi. Bayan kamar minti ashirin na ji kaina yana juyawa, gumi yana zuba, numfashi yana neman gagarata. A nan na tabbatar akwatin Dakta yana riƙe iska yadda ya kamata. Na ɗaga shi na jiƙe tare da jama'a.

Tudun Wada sha biyu saura minti goma, kusan kilomita arba'in. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji a bakin tasha, na samu ɗan acaɓa. Muka bi hanyar Doguwa, kafin a kai dajin Falgore muka yanke hagu, kilomita goma sha biyu na laka da kwazazzabo. Ina rungume da akwati ta baya, iska tana shiga cikinsa tana neman ɗaga ni sama. Biyu saura minti ashirin muka isa.

Mai masaukina Baba Ɗanjuma ne, shi ke kula da ƙofar madatsar, shi ke saki ko tsare ruwan da ke shiga fadama. Dogon tsoho, mai fara'a, haƙorinsa ɗaya na gaba ya tafi. Ya kai ni wurin Maigari, na cire takalmi na durƙusa. Aka kawo fura, aka kawo dafaffiyar masara, aka kawo wata furar. Duk lokacin da na ce ina son ganin wurin aikin, sai su dubi juna su yi murmushi.

"Kwantar da hankalinka, Injiniya," in ji Maigari. "Wurinka ya gama haɗuwa."

Ban gane ba. Na ɗauka irin maganar manya ce.

Bayan la'asar muka tafi, Maigari a gaba, ni a tsakiya, rabin gari a baya. Muka hau kan madatsar, aka nuna mini da hannu.

Jama'a, ga turaku huɗu masu jan fenti nan tsaye. Tsakaninsu kuwa taɓo ne fes, an aske shi tas kamar kan jariri ranar suna. Ba tsakanin turakun kaɗai ba, har taku hamsin kowane gefe. An zuba yashi an yi mini hanya tun daga bakin madatsa. An kafa rumfar zana, an shimfiɗa tabarma, har da randar ruwan sha.

"Ranar Talata muka yi gayya," in ji Baba Ɗanjuma, ƙirjinsa a gaba. "Mutum talatin, da ganga. Ko sili ɗaya ba mu bari ba, duba da kanka. Yaya za a yi baƙo ya taso daga jami'a mu bar shi cikin ciyawa da macizai, kamar garin ba mutane?"

Kowa ya zuba mini ido yana jira. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri." Suka ce amin gaba ɗaya.

Bayan magariba muna cin tuwon masara da miyar kuɓewa a zauren Baba, ni da shi kawai, na fito masa da maganar.

"Baba, ciyawar nan fa ita ce aikin."

"Wace ciyawa?"

"Wadda aka yanke. Numfashinta na zo aunawa."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Ciyawar? Ba ƙasar ba?"

"Ciyawar."

"Ikon Allah. To me ya sa malaminka bai rubuta a bar ta ba? Cewa ya yi a taimaka maka. Mu a nan in an ce a taimaki mutum a fadama, lauje ake ɗauka."

Na tambaye shi yaushe za ta sake tsirowa. Ya ce in ya sako ruwa sosai, sati uku. Na ce Litinin nake da ita. Sai ya ce ko a kwaso wadda aka yanke a sossoka ta cikin taɓon, ai malamin ba ya nan. Kafin in amsa ya tuna an riga an raba wa awaki.

Can ya ce saura wuri ɗaya. Gabashin fadamar na Fulani ne tun zamanin kakanni, ba mai shiga da lauje, su ma ba sa sako shanu sai an gama girbi. Ciyawa tana nan har ƙugu. Amma sai Ardo ya yarda, kuma ruwan can ya kai ƙirji, sai ya tsare ƙofa kwana guda kafin ya ja baya.

"Abu ɗaya nake roƙonka, Injiniya. Kada Maigari ya ji. Shi ya yanka akuyar gayyar."

Juma'a: ruga da rumfa

Shida da rabi na safe muka kama hanyar ruga, tafiyar minti arba'in a ƙafa ta cikin dawa. Ardo Bello siririn dattijo ne fari, yana zaune kan buzu ana tatsar nono a bayansa. Suka gaisa da Fulatanci, Baba ya ce jam na, Ardo ya ce jam tan, suka yi ta yi har na gaji da tsugunno. Da Baba ya ba shi labari, Ardo ya yi dariya har ya kwanta a gefe.

"Kai, Haɓe! Mutum ya zo ganin ciyawa, kun tarbe shi da lauje. Da nono ya zo nema sai ku yanka saniyar." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, kaɗo, sai da ka je jami'a ka san ciyawa tana numfashi?"

Ya yarda, da sharaɗi biyu: kada in tsinke ko ganye ɗaya, kuma shi zai tsaya ya ga abin da idonsa. Aka ba ni kindirmo a ƙwarya. Muna dawowa Baba ya je ya murɗa ƙofar ruwa ya rufe.

Na ɗauka ranar hutu zan yi. Ana saukowa daga masallacin Juma'a sai ga Maigari a ƙofar zaure da babbar riga, ya ce jama'a sun hallara a rumfa, ana jiran a ga aiki. Baba ya dube ni ta bayan Maigari, ya haɗa hannu biyu yana roƙo.

Haka na ɗauki akwati na bi hanyar yashin nan, na kifa shi a kan taɓo tsirara. Niyyata in ɓata kwalba biyu in ce an gama. Amma Maigari ya sa an kawo masa kujera dab da ni, ya ce in yi bayani. Da na yi, sai ya zama shi ne mai duba agogo. Minti goma na cika zai ce, "Injiniya, lokaci!" Ga jama'a sun yi zobe, kowa ya miƙo wuya yana huci a kan akwatin. Na ce wa Baba a kunne numfashin mutane zai ɓata awon. Ya miƙe ya daka tsawa, "A ja da baya! Mai son numfashi ya je can bakin madatsa ya yi!" Liman da kansa ya toshe hanci da gefen rawani.

Matsalar da ta fi ita ce gaisuwa. Ina riƙe da sirinji, saura daƙiƙa kaɗan, sai wani dattijo ya iso: sannu da aiki, ina gajiya, yaya mutanen Kano, yaya malamin naka, yaya ruwa a wajenku. Ba ka amsa wa dattijo a tsaye, ga ni kuma cikin taɓo har ƙauri. Sai in durƙusa a taɓon, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan yana zuƙar iska. Da na cika shida na ce an kammala, Maigari ya ce a'a, ai na ce akwai na baƙin ƙyalle. Wallahi bai manta komai ba. Kwalba goma sha biyu suka tafi a kan wurin da ko tsinke babu. Aka yi addu'a aka watse, kowa yana murna. Ni na koma zaure da rabin kwalabena, ina ta ganin rumfar yadi a idona.

Asabar: gabashin fadama

Tara na safe ruwa ya sauka zuwa cinya. Na naɗe wando na shiga, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba. Taku na uku takalmina ɗaya ya zauna a taɓo, har yau yana can. Ciyawa kuwa ga ta kore shar, da bado a tsakani. Na kifa akwati, na fara.

Ardo yana tsaye a tudu da sanda a wuya. Shanunsa, da suka ga mutum a cikin abincinsu na rani, suka taho suka jeru a bakin ruwa. Wani farin bijimi ya shigo har inda nake, ya manna hanci a jikin akwatin yana kallon ciyawar ciki, hucinsa ya rufe robar da hazo.

"Ardo, don Allah!"

"Ba ruwansa da kai. Yana duba ko ka tsinka ne."

Sai da ya ga na kusa kuka sannan ya yi wata 'yar fito, bijimin ya juya kamar an ja shi da igiya. Sha ɗaya da kwata na cika kwalba ta goma sha biyu. Na fito da matsattsaku huɗu a ƙafa, Baba ya cire su da garwashin taba yana cewa su ma nasu awon suke yi.

Asirin bai kai azahar ba. Ardo ya bi mu har cikin gari, wai zai sayi gishiri, ya zauna a ƙofar Maigari ya ba da labarin tun daga farko, yana yi yana share hawaye. Aka aiko a kira ni. Na je na durƙusa ina ba da haƙuri, ban ma san laifin me ba.

Maigari bai yi dariya ba. "Wato jiya taɓo muka taru muna kallo?"

"Ranka ya daɗe, shi ma taɓon yana da amfani."

"Kada ka rufa mana asiri, yaro. Mun ɓata maka aiki, kuma ka gode mana." Nan take ya sa aka kira mai shela, ya zagaya gari: daga yau duk wanda ya kai lauje kusa da turaku masu jan fenti, shi da Maigari ne. Ciyawar jami'a ce.

Lahadi: komawa

Bakwai na safe na yi sallama. Baba ya ba ni aron silifas, ya ɗaura mini damin rake. Acaɓa zuwa Tudun Wada, tara saura kwata. Na yi sa'a na samu bas mai zuwa Kano kai tsaye, ta tashi sha ɗaya.

Gab da Kwanar Dangora aka tsayar da mu, aka ce kowa ya buɗe jaka. Wani jami'i ya zaro kwalba ɗaya ya ɗaga ta a rana.

"Mene ne a ciki?"

"Iskar fadama ce, Ofisa."

"Babu komai a ciki."

"Akwai, ba a gani ne."

Ya sa babban yatsa a murfin zai ɓalle. Na duba lambar, cikin na wurin Ardo ce. Na soma roƙonsa. Direba ne ya cece ni, ya leƙo ya ce, "Ofisa, ni dai in za ka buɗe, bari in matsar da motata. Tun Tudun Wada yaron nan yake wari, ban san me ya ɗebo ba." Gaskiya ya faɗa, kwana biyu ina cikin taɓo. Jami'in ya sunsuna wajena, ya mayar da kwalbar da yatsa biyu.

"Daga Kano ka je har can ka ɗebo babu komai. Iyayenka sun san abin da kake yi?"

Uku da rabi na shiga gida. Mahaifiyata ta ce in tsaya a soro, ta aiko da bokiti da sabulu.

Litinin

Takwas saura minti biyar ina ƙofar Dakta. Na jera kwalabe, na faɗa masa gaskiya tun daga ganga har akuya: sha biyu kaɗai ne na ciyawa, sha biyun taɓo ne zalla. Ya kwashe ya shiga ɗakin injin. Na zauna a benci awa uku.

Da ya fito yana riƙe da doguwar takarda, yana tafiya yana karantawa har ya yi karo da ƙofa.

"Sabi'u, duba nan. Inda ciyawa take, fadama tana zuƙa. Inda aka yanke, fitarwa kawai take yi. Fadama ɗaya, ruwa ɗaya, kwana ɗaya tsakani. Shekara biyu ina neman wanda zai yarda ya yanke mini fili haka ban samu ba. Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Mutum talatin ne, Malam, da ganga."

Ya sa hannu a takardata a tsaye. Ina murna zan fita ya ce, "Amma sau ɗaya ba ya zama hujja. In ciyawar ta dawo ka koma, ka ce su sake yankewa daidai yadda suka yi."

Na ce masa ai an yi shela, ba mai taɓa ta. Ya ce to in sayi lauje.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Baba Ɗanjuma da Ardo Bello da Maigari, waɗanda suka rasu cikinsu Allah ya ji ƙansu, da direban da ya faɗi gaskiya a kaina a gaban hukuma. Bayan sati shida na koma Yalwan Kwari da sabon lauje. Na roƙi Maigari ya janye shelar na kwana ɗaya, ya ce shi ba ya magana biyu, kuma ba za a sake cewa garinsa ya ɓata aikin ilimi ba. Kwana uku na yi ina yankan ciyawar nan ni kaɗai, tafin hannuna duk ya kumbura. Mutum talatin ɗin nan suna zaune a jere a kan madatsa, ba wanda ya sauko, sai dai duk wanda ya iso ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya!" ni kuma in ajiye lauje in durƙusa in amsa.